Daga Seme Zuwa Gindin Bishiyar Goro

Ranar da na gaya wa Inna zan je ganin teku, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba. Ta ce, "Bashi kake bin ta?"

Na ce hutu aka ba mu a makaranta, mako uku, kuma na ɗan tara wani abu daga albashi. Ta ce kakan babana da ya yi Gwanja har ƙafarsa ta tsage, kanwa ya kai ya sayo goro, ba a taɓa jin ya je kallon ruwa ba. Amma da dare sai ga ta da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki da sukari, ta tura su cikin jakar goyon da na saya a gwanjon Ƙofar Wambai. Sauran kayana ba su da yawa: riga uku, wando biyu, gidan sauro, ƙaramar darduma, fasfon ECOWAS da katin allurar shawara. Sai wani littafi mai bango ja da na ware don lissafi, domin kuɗina a ƙirge suke, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan ɗauki shatar mota ba, ba zan ci abinci inda direbobi ba sa ci ba.

Legas ba ta cikin labarin nan sosai. Na kwana ɗaya a Agege wurin wani ɗan unguwarmu mai sana'ar canji, da asuba na shiga motar Seme a Mile 2. Shingayen hanyar Badagry sun ci mana rabin yini a tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba.

Darasina na farko a ƙasar Benin wani mai shayi ɗan Tawa ne ya ba ni shi, a unguwar Zango ta Kwatano. Na sha shayi da burodi, na tambayi kuɗi, ya ce, "Dala arba'in." Gabana ya faɗi. Ya ga yadda na yi tsuru-tsuru, ya tuntsire da dariya ya ce, "Ɗan Najeriya ne, ko?" Ashe a wurinsu dala sefa 5 ce, dala arba'in sefa 200 ke nan, jika guda kuma sefa 1,000, ba naira 200 irin jakarmu ta Kano ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sefa ba ta motsi. An ɗaure ta da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, jiya da yau da gobe. Ita kuwa nairar da ke aljihuna kullum safiya sai ta ɗan rame. Don haka na canza duk abin da zan canza tun a ranar, na huta da fargaba.

Mai shayin nan shi ya haɗa ni da wani Alhaji mai sayar da albasa, shi kuma ya ba ni tabarma a zauren da yaransa ke kwana. Bai tambaye ni ko sisi ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne sunan mahaifina da unguwarmu. Daga baya na gane haka tsarin yake tun zamanin fatake: baƙo ya sauka a zango, ya nemi maigida, maigida ya ba shi wurin kwana ya tsaya masa. Bambancin kawai, fatake suna zuwa da kaya maigida ya ci la'ada, ni kuwa ba ni da abin sayarwa. Na rama da taya yaran sauke buhuna a kasuwar Dantokpa, kasuwar da sai da na ɓace a cikinta sau biyu kafin azahar.

Da la'asar na hau zemijan, wato acaɓarsu masu riga ruwan ɗorawa, na ce a kai ni bakin teku a Fijirose. Kafin in gan ta na ji ta. Wani irin gurnani ne mai zuwa yana komawa, kamar tirela na hawan tudu ba ta ƙarewa. Da muka ɓullo ta bayan bishiyoyin kwakwa sai na tsaya. Ni da mafi girman ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga, ga ruwa ya tafi har ya haɗe da sama, babu tsallake. Na ɗebo a tafin hannu na ɗanɗana, kamar ban yarda da abin da nake koya wa yara a aji ba. Gishiri ne ƙwarai.

Daga Kwatano zuwa Wida kusan kilomita 40 ne. A nan ne rowata ta yi mini amfani. Daga tsakiyar gari zuwa gaɓar teku akwai hanya ta kimanin kilomita 4, wadda a da ake bi da bayi zuwa jiragen ruwa. Ɗan zemijan ya faɗi kuɗin da na ga zai ishe ni abincin rana, sai na ce ƙafa ta kai ni. Na bi ta cikin rana tsaka da jaka a baya, ta gefen fadama da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, inda mata ke dafa gishiri a bukkoki. Masu yi wa baƙi rakiya suna nuna inda wata bishiya take a da, wai ana sa maza su kewaye ta sau tara, mata sau bakwai, don su manta garinsu. A ƙarshen hanya akwai wata babbar ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa, tana fuskantar teku.

Na zauna a kan yashi ina haki, ƙafata ta yi bororo, sai wani abu da na taɓa karantawa ya faɗo mini. Bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804, Hausawa da yawa sun faɗa hannun masu cinikin bayi, aka gangaro da su kudu, aka loda su daga tashoshin wannan gaɓa zuwa Bahiya ta ƙasar Birazil. A 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi bore a can, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wato mai yiwuwa wani daga Katsina ko Zazzau ya tako wannan yashin, kuma shi ma ranar ce ya fara ganin teku. Ni na zo da ƙafata, da ƙuli-ƙulin Inna a jaka. Ban ɗauki hoto ba a wurin. A cikin garin kuma ga ɗakin da ake bauta wa mesa, daura da shi ga babban cocin Katolika, suna kallon juna. An ce in biya a rataya mini mesa a wuya. Na ce ko su ne za su biya ni, na yafe.

Inda na fi daɗewa shi ne Gran-Popo, kuma ba don na shirya ba. Gari ne siriri, teku a kudu, kogin Mono a arewa, kwakwa ta ko'ina. A nan babu zauren da zan raɓa, dole na kama ɗaki mafi araha da na samu. Araha ba ta ado: fankar ɗakin tana juyawa kamar mai jin barci, katifar kuma ta lotsa a tsakiya. Gidan saurona ne ya cece ni.

Da sassafe na fita na tarar da mutane sun fi talatin sun jeru suna jan wata igiya mai kauri daga cikin teku. Can nesa wasu sun jeru a kan wata igiyar. Taru ne guda, kwale-kwale ya kai shi ciki tun da duhu ya zagayo da shi. Suna ja suna waƙa, mai ba da waƙa yana kaɗa wani ƙarfe, duk wanda ya kai ƙarshen layi sai ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Ina tsaye ina kallo wani dattijo ya yafuto ni da hannu. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, Faransancina kuwa bai wuce gaisuwa ba. Na ajiye takalmi na kama. Minti goma ban yi ba tafin hannuna ya fara zafi kamar na dafa tukunya. Aikin noma na san shi, amma a gona ƙasa ba ta ja da kai. A nan in taguwar ruwa ta koma sai ta fizgi igiyar, ku duka ku zube gaba, ku sake turjewa. Sai da rana ta take sannan tarun ya fito. Abin da ke ciki bai kai wahalar ba, ƙananan kifaye ne da leda da robobi masu yawa. Mata suka zo da manyan kwanoni, aka yi ciniki da hayaniya, aka ware na mai taru, aka raba wa masu ja. Dattijon ya zubo mini kifi bakwai a cikin hulata. Wata mata ta soya mini su, ta karɓi biyu ladanta, ta ƙara mini da tuwon masara da yaji. A littafina na rubuta: abincin rana, babu. Kwana uku ina wannan aikin.

Ranar ƙarshe na yi wautar shiga ruwan har gwiwa. Yashin da ke ƙarƙashin ƙafata ya zare kamar an janye tabarma, na faɗi, ruwa ya fara tafiya da ni. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba ya cafko rigata. Ya yi ta yi mini faɗa da yarensu, na kuma fahimci kowace kalma.

Togo kuwa kafin ka gyara zama ka fita. Gaɓarta duka ba ta kai kilomita 60 ba. Mun wuce Aneho, wadda ta taɓa zama hedikwatar Jamusawa kafin su koma Lome a 1897, muka wuce tashar jiragen ruwa inda tireloli masu lambar Nijar da Burkina suka yi layi. Abin da ya rikita ni agogo ne: da ka tsallaka daga Benin sai lokaci ya koma baya da awa guda, na yi ta jiran kiran sallar da bai yi ba. Lome birni ne da ya jingina da iyaka. Da ƙafa na taka daga bakin teku na shiga Aflawo ta Ghana.

A ɗaya daga cikin iyakokin nan, ba zan faɗi wacce ba, wani mai kaki ya riƙe fasfona ya ce sabo ne, ba a taɓa buga masa hatimi da yawa ba, don haka akwai kuɗin da ake biya. Na san babu wannan a doka. Ɗan ƙasar ECOWAS yana da kwana 90 ba biza. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rasit." Ya ce in koma gefe. Na koma gefe, na jiƙa garin kwakina a kofi, na zauna ina sha a gabansa. Bayan kusan awa ɗaya ya gaji da ganina, ya wurgo mini fasfon. Ba jarumta ba ce. 'Yan kasuwar da ke bayana suna da kaya a mota da direba mai jira, dole su biya. Ni lokaci ne kaɗai abin da nake da shi fiye da kowa a wurin.

Maimakon in miƙe Akra, sai na ratse zuwa Keta a cikin torotoro, ƙananan bas ɗinsu na haya. Hanyar tana bin wani zirin ƙasa, teku a hagu, tafki a dama. A Keta akwai ganuwar da Turawan Denmak suka gina a 1784, teku ta cinye wani sashe nata, ta cinye tituna da gidaje na tsohon garin, har sai da aka jibge manyan duwatsu don tare ta. Amma ni abin da ya tsayar da ni lambunan Anloga ne. A kan farin yashi, wanda a wurinmu ko aya ba za a shuka ba, suna noma wata ƙaramar albasa ja a fangali-fangali masu tsabta kamar an ja da rula. Rijiyoyinsu gajeru ne a tsakiyar lambu, suna ban ruwa safe da yamma, suna ciyar da yashin da taki. Na tuna masu lambun Kwanar Gafan, na ce da za su zo nan da sun yi kwana suna tambaya.

Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, ta fi ko'ina tsada, ta kuma fi ko'ina sauƙi gare ni, saboda Nima. Ka sauka a Nima ka ji Hausa ta ko'ina, daga bakin Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli, mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsu ba ta damu da mace ko namiji ba. Wani ya ce mini, "Matana ya tafi kasuwa," na yi ta dube-dube. Ni kuma da na buɗe baki sai Hajiya mai koko ta ce, "Kai, wannan Hausan rediyo ne." Abincinmu ya riga ni zuwa, har ya yi suna. Koko da ƙosai shi ne karin kumallon gari, kowa na ce masa Hausa koko. Shinkafa da wake ta zama wace, ana dafa ta da karan dawa ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da baƙin yajin da suke kira shito, a naɗe a ganye. Tuwon zafi yana nan da sunansa. Kunshi ɗaya na wace da hantsi yana kai ni magariba, littafina ya shaida.

Na yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, mai ginin Turkawa, wanda aka buɗe a 2021. Bayan salla na zauna kusa da wani tsoho mai sayar da carbi da turare. Da ya ji daga Kano nake sai ya ce, "Zauna, ɗana." A Kumasi aka haife shi. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka ce su 'yan Najeriya ne, mahaifinsa ya kwashe su a bayan babbar mota zuwa garin da shi bai taɓa gani ba. Ya girma a can, ya yi aure. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, maƙwabta suka ce ai Hausarsa ta Ghana ce. Ya sake ɗaure kaya. Yana ba ni labarin yana dariya, yana jan carbi. Ya dubi jakata ya ce, "Taka mai kyau ce, tana da hannu biyu. Tamu mai layi-layi ce, ka san sunanta." Na ce na sani, Baba. Na sayi turaren da ba na bukata, shi ne abu na farko da na saya ban yi ciniki ba.

Daga tashar Kaneshi na shiga motar Cape Coast, daga can na ƙarasa Elmina. Na iso ranar Talata, ranar da masunta ba sa shiga teku, don haka ɗaruruwan kwale-kwale suna cushe a bakin tafkin Benya, kowanne da tutoci da rubutu a jikinsa, maza na ɗinkin koma a inuwa. A saman su ga farar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, na daɗe ina juya shi a raina kafin na biya. Ɗakin da ake tsare mata har yau yana da wani wari da ban san da me zan kwatanta shi ba. A sama akwai barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓa. Akwai kuma ɗakin da Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh a 1896 kafin su kai shi gudun hijira. Mai rakiya ya ce da yawa daga cikin waɗanda aka tsare daga arewa aka gangaro da su, ya ambaci kasuwar Salaga. Salaga ita ce Gwanjar da Inna ke faɗa. Kasuwar da ake sayen goro, a nan ake sayar da mutane. Ban san abin da kakan babana ya gani a can ba, ba a kuma taɓa ba mu wannan ɓangaren labarin a gida ba.

Gadar igiya ta dajin Kakum, wadda kowa ke zuwa ya hau, na duba littafina na haƙura. Maimakon haka na bi wani ɗan Nima da muka haɗu a mota, mai sayen kayan gona, zuwa wani ƙauye a cikin daji arewa da gaɓa. Jar ƙasa, ayaba, rogo, kwakwar manja, ga 'ya'yan koko an baza a kan tabarmin gora suna shanya, ƙauyen duka yana tsami-tsami. Manomin da muka sauka wurinsa ya fasa mini ɗan koko ɗaya na tsotsi farin da ke jikin ƙwayar, zaƙi da ɗan tsami, babu abin da ya haɗa shi da cakulan. Muna ratsa gonar sai abokin tafiyata ya tsaya ya dafa wata doguwar bishiya mai duhun ganye. Ya ce, "Malam, ka san wannan?" Na ce a'a. Ya ce, "Goro ne."

Shekara talatin da ɗaya ina ganin goro a faranti, a ɗaurin aure da suna, a bakin Inna kullum bayan la'asar, ban taɓa tambayar kamannin uwarsa ba. Fataken da ma ba su gan ta ba, domin a zamanin ƙarfin Asante ba a barin su su wuce kasuwannin arewa su shiga dajin, a Salaga ake kawo musu. Manomin ya sa gora mai ƙugiya ya tsinko kwanso ɗaya, kore mai ƙuraje, ya fi tafin hannuna. Ya tsaga shi, ga goro a jere cikin farar riga. Ya ɓare guda, ja jawur. Na gutsura, ɗacinsa ya fi na kasuwa, ruwansa ya fi yawa. Na nemi in biya, ya ƙi. Ya naɗe mini sauran biyar a ɗanyen ganye, ya nuna mini da hannu in riƙa yayyafa musu ruwa.

A daren na ƙirga abin da ya rage. Kuɗin mota ne daga Cape Coast zuwa Akra, daga Akra zuwa Legas, daga Legas zuwa gida, da ɗan abin da zai sayi ruwa. Takoradi da ƙauyukan da ke bayanta, da na ci burin gani, sai wani jiƙon. Kwana uku ina hanya, a kowace tasha sai na buɗe ganyen na yayyafa.

Na isa gida ranar kwana na goma sha tara, na yi baƙi, na rame, tafin hannuna duk kanta. Inna ta kwance ganyen a hankali ta ƙirga. Ta ce, "Duk wannan tafiya, goro biyar?" Ta ɗauki ɗaya ta fasa, ta ɗanɗana, ta yi shiru tana tauna. Sannan ta kira ƙanwata ta ce ta kai wa Baffa biyu, ta ce masa na Gwanja ne, sauran kuma ta ƙulle su a bakin zaninta.